Sunaye Goma Sha Ɗaya a Gafakar Baba Tsoho

Ranar da Allah ya karɓi ran kakana na wajen uwa, wanda duk muke kira Baba Tsoho, ina cikin aji a Gusau ina koya wa 'yan mata tarihin yaƙin duniya na biyu. Wayata tana jaka a kashe. Kafin in kunna ta an yi masa wanka, an sallace shi bayan azahar, an kai shi makwancinsa. Gari ɗaya muke, tsakanin makarantarmu da gidan Kawu inda yake zaune bai fi tafiyar minti ashirin a babur ba. Na fara da wannan ne domin kada wani ya riga ni faɗa.

Masu gaisuwa sun zo, kowa da irin Baba Tsohon da ya sani. Wasu dattawa uku daga Nahuce suka shigo har tsakar gida don su gai da kakata, Inna. Babbansu ya ce, "Rijiyar da ya gina muna har yau ita muka sha. Famfo ya mutu ya tashi ya sake mutuwa, ita ko tana nan." Direbobin tasha, inda yake zuwa ya zauna da hantsi yana ba su shawarar da ba su nema ba, suka zo a ayari. Ɗaya ya share ido da hularsa ya ce yanzu ba sauran mai zaginsu a kan gudu. Matan ƙauyenmu na wajen Bilbis, waɗanda 'yan bindiga suka koro mu tare, suka zauna a gindin bango suna cewa shi kaɗai ne in an kawo labarin hari yake tambayar sunan kowa, har na goye. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Abin da ta yi ta maimaitawa shi ne, "Ya tahi bai sha kununai ba. Ga shi can na ruhe mai."

Na zauna kwana uku ina saurare. An ambaci rijiyoyinsa, an ambaci faɗansa da kyautarsa, amma babu wanda ya ambaci Baturen rijiya da mutanensa goma sha ɗaya. Shi ya sa nake wannan rubutu, ko da yake na makara.

Gajere ne, mai manyan hannuwa, kuma duk tsawon ƙuruciyarsa shi ne shugaban maginan rijiya a ƙasar Gusau. Yana da halaye biyu da muke yi masa dariya a kansu. Na farko, ba ya barin ko ɓurɓushin tuwo a kwano, in burodi ya ci sai ya tsince abin da ya zuba a tabarma da ɗan yatsa. Mu jikoki muna ce masa tsoho mai rowa, shi kuma ya ce mu tafi mu ba da labari. Na biyu, ba ya yarda da ƙidayar matattu. In rediyo ya ce an kashe mutum bakwai a wani ƙauye, sai ya juyo ya harari akwatin kamar shi ya yi kisan, ya ce, "Bakwai ba suna ba ne. Su wa da wa?"

Ni yana kirana uwargida, kamar yadda kakanni ke yi, ni kuma ina ce masa na sake shi tun da haƙoransa suka zube. Da na zama malamar tarihi sai ya ƙara mini da "mai jan biro". Yakan ce, "Ke tarihinki na cikin littahi ne, wanda anka biya ki ki hwaɗa. Ni nawa na gan shi bisa hannun mutum."

Ga abin da yake nufi. Jim kaɗan bayan samun 'yancin kai, an turo wani Bature injiniya ya kula da aikin rijiyoyi, aka haɗa shi da ƙungiyar Baba Tsoho. Mutum ne marar yawan magana, ya iya Hausa, ba ya zama da sauran Turawa, kuma wurinsa Baba ya ga wannan tsintar ɓurɓushi. Labarin ranar da suka fara sanin juna na ji shi ya fi a ƙirga.

"Muna Nahuce, rijiya ta kai gaba goma sha biyu, igiya ta sarƙe. Ya naɗe hannun riga za ya kama muna. Sai na ga lamba bisa hannunai, shuɗiya, cikin hwata, irin wadda aka buga ma buhun auduga. Ni da shegen baki na ce, Injiniya, ashe ku ma kuna tsaga? Sai da munka yi la'asar ya kira ni gindin ɗorawa ya ce, wagga ba tsagar gida ba ce, mutane sunka yi mini ita don su daina kiran sunana."

Bayahude ne, daga wani ƙaramin gari a gabashin Turai. Baba yana faɗin sunan garin, ni kuwa na duba taswira sau ɗaya ban gan shi ba, na bar zancen. A lokacin yaƙi, da sojojin Jamus suka shigo, an fara da tilasta musu ɗinka ƙyalle mai ruwan ɗorawa a riga. Daga nan aka hana su kasuwa, aka tara su unguwa ɗaya aka katange, yunwa ta yi ta ɗauka. Rannan aka loda su a taragon shanu na jirgin ƙasa. Inda aka sauke su wani jami'i yana tsaye yana nuni da hannu, wannan dama, wannan hagu. Shi da yake makanike ne aka ware shi don aiki. Matarsa tana rungume da 'yarsu ta goye aka nuna mata ɗaya ɓangaren. Mutum goma sha biyu ne a gidansu, shi kaɗai ya ga ƙarshen yaƙin.

Bayan yaƙi ya rubuta wa wani ofishi a Turai mai tattara rajistocin da makasan suka bari. Wannan abu ya tsaya wa Baba a rai har ya mutu. "Su da kansu sunka rubuta, uwargida. Da tawada, layi layi, kamar malamin jangali shina ƙirga shanu." Amsa ta zo a takarda mai hatimi: sunaye goma, da ranar da aka ɗora kowa a jirgi. Jaririyar ba ta ciki. Ko darajar shiga rajistar makasa ba ta samu ba, don haka babu wata takarda a duniya da ta nuna an taɓa haihuwarta.

Rani uku suka yi, in an tashi hutun rana, Bature yana faɗa da Hausa, Baba yana rubutawa da ajami a littafin 'yan makaranta. Ya cika littafi biyu, kowanne ya buɗe shi da Bismilla kamar yadda yake buɗe komai. Akwai yadda uwar Baturen take gasa burodin ranar Juma'a, akwai ranar da aka kama wansa, akwai sunayen duka goma sha ɗayan daga babba zuwa ƙarama. Suna aiki a garin Wanke ranar da ruwan farko ya sauka, wanda shi ke rufe aikin rijiya, Bature yana ta tari, ya miƙa wa Baba takardar nan mai hatimi da wata da ya rubuta da hannunsa daga dama zuwa hagu. Ya ce, "Ni ba ni da wanda zai kira su bayana. Ku kuna da yawa. Sau ɗaya a shekara, ka faɗe su da baki." Ya tafi neman magani. Wasiƙa ɗaya ta zo daga wani asibiti, daga ita shiru.

Tun daga shekarar, duk ranar da ruwan farko ya sauka, da an ji ɗigon farko a kan rufi, Baba zai fito da akwatinsa na ƙarfe ya zauna bakin ƙofar ɗaki ya karanta sunayen. Ba ya ɗaga hannu, ba ya shafawa, kiran suna ne kawai a hankali, yana tsayawa bayan kowanne. Da muna yara mun ɗauka wata addu'ar damina ce. Ni dai ban taɓa tsayawa har ƙarshe ba, don wankan ruwan sama ya fi mini.

Safiyar da muka bar ƙauye, bayan an kai hari maƙwabta, kowa ya ɗauki abin da zai iya. Rumbu biyu cike da gero muka bari. Baba ya fito da akwatin nan a ka, ga tsufa, ga tafiya har bakin titi. Inna ba ta taɓa yafe masa ba. "Akuyata mai ciki tana kuka, shi ko ya ɗauko takarda! In yunwa ta zo sai ka dahwa muna ita." Ya ce akuya tana da mai ita, waɗannan ba su da kowa sai shi.

Rigimarsa da Kawu a Gusau ta faru. Kawu, wan mahaifiyata, shi ne limamin masallacin unguwa, mutum mai gudun abin magana. Lokacin rediyo kullum labarin yaƙin ƙasar Falasɗinu yake, da yaran da ake tonowa daga ƙarƙashin gini. Sai samari suka fara gunaguni cewa uban liman yana ajiye da takardun Yahudawa. Ina gidan ranar da Kawu ya durƙusa gabansa.

"Baba, don Allah ka bar abin ga, ko na bana kaɗai. Mutane na magana. Kai ma ka ga abin da aka yi ma 'yan'uwanmu."

"Na gani. Wa ka gani shina kuka jiya da anka hwaɗi labarin, ni ko samarin naka? Ka kawo mini sunayen ɗiyan can, wallahi in kira su su ma."

"Ba haka nika nuhi ba, Baba."

"Ɗiyar da ba ta yi haƙori ba, wa ta kashe? Ni ban ce ka sa su cikin sallarka ba. Amana anka ba ni. Kai da ka karanta littahi, nuna mini inda anka ce amana sai ta Musulmi."

Kawu ya tashi ransa a ɓace. Sun fi wata guda ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Bayan haka na lura akwatin ƙarfen ya koma wurin ajiyar goro da carbi. Na tambayi Baba ina takardun, ya yi dariyar mugunta ya ce, "Na sa su inda ba mai taɓawa sai da alwalla." Na gane gafakar mahaifinsa yake nufi, tsohuwar jakar fata ta Alƙur'ani da ke rataye a ƙusa, wadda gara ta ci warƙoƙinta ba a karatu da ita. Na yi dariya na yaba wayonsa, ban kuma gaya wa kowa ba.

Yanzu ga nawa laifin. Da idanunsa suka fara dushewa ya kira ni ya ce in zo da littafi, shi ya karanta, ni in juya shi boko, tunda ajamina bai taka kara ya karya ba, nasa rubutun kuma ko Kawu sai ya yi da gaske. Na ce sai an gama jarrabawa. Da aka gama ya sake aikowa, na ce ina makin takardu. Ya aiko na uku, na ce in an yi dogon hutu. Sau ɗaya na je da littafin da biro, na tarar Inna tana da sabon labarin bikin maƙwabta, muka zauna muka baje, wayata tana ta ƙara, har aka kira magariba. Yana zaune bakin ƙofa yana jira. Da zan tafi ya ce, "Uwargida, kin zo da biro kin koma da tawadarki." Na ce, "Kai tsoho, ina za ka? Kana nan har ka aurar da jikokina." Abin da ya fi ci mini rai shi ne a wannan zangon karatun na tsaya gaban allo na rubuta wa ɗalibai adadin waɗanda aka kashe a Turai, na ja layi a ƙasa, na ce su haddace don yana fitowa a jarrabawa.

Washegarin sadakar uku na zo da hantsi da niyyar in ɗauki gafakar. Na shiga ɗakinsa na tarar an share, ƙusa ba komai. A bayan gida na sami Kawu tsugune yana mayar da ƙasa a wani ɗan rami a gindin bango, ga sabon kasko a gefe da sauran toka. Kowa ya san abin da ake yi da tsofaffin warƙoƙi masu sunan Allah in sun lalace. Ba a zubar da su, ba a barin su su warwatse a taka. Mutum ya yi alwala ya ƙona su a wuri mai tsabta ya binne tokar. Haka Kawu ya yi, da ladabi.

Ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ya samu abin da yake so, ko kwana bakwai bai bari tsohon ya yi ba. Ya dube ni bai gane ba. Da na faɗa masa abin da ke cikin gafakar sai ya zauna daɓas a ƙasa da farar rigarsa.

"Na rantse da Wanda raina ke hannunai, ban sani ba. Na ɗauko ta tana zuba, na ga Bismilla bisa ta sama, ban bincika ba. Na ɗauka na kakanmu ne duka." Sannan ya ɗago. "Ke kin san suna ciki?"

Na ce na sani.

"To mi ya hana ki hwaɗa mini?"

Na so ƙwarai ya zama shi ne mai laifin. Na yi makonni ina neman hanyar ɗora masa, ban samu ba.

Inna ta fita takaba ana tsakiyar zafi. Wata ranar Asabar ina gidan da la'asar, hadari ya taso daga gabas, iska ta kwashe ledojin tsakar gida, sai ga ɗigon farko a kan kwano. Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa. Ba ta san ko alif ba, ban kuma taɓa tunanin tambayarta ba. Sai na ji ta ce, da irin tsayawar da yake yi, "Ishaƙa, uban gida." Ta numfasa. "Hannatu, uwar gida."

Na zazzage jakata, na samu biro da bayan takardar jarrabawar wata ɗaliba. Ashe shekara da shekaru tana ji. Ta ce Baturen da kansa ya gaya wa Baba yawancin sunayen irin namu ne, lafazi ne ya bambanta. Ta kawo Yakubu wansa da Rahila matar wan, ta kawo Saratu matarsa, da Dauda da Maryamu ƙannensa, da Yusufu da Haruna 'ya'yan wan. Tara. Sai ta tsaya.

Na ce, "Inna, saura biyu."

"Nan nika tashi."

"Ki tashi ki je ina?"

"Kwashe shanya mana! Shi shina zaune shina karatu, wa za ya kwashe mini gari da kuɓewa? Kullum in ya kawo Haruna ruwa ya ƙarhwahwa, sai in ruga. Ban taɓa jin na ƙarshe ba." Ta kalli tsakar gida, babu shanyar komai ranar. Sai a lokacin na ga hawayenta.

Ban san Kawu yana tsaye a bakin zaure ba, ya fito zai tafi masallaci ruwa ya tare shi. Ya yi gyaran murya, bai dube mu ba, ya ce, "Bilyaminu. Autan wan nai. Ina yaro nika jin shi, ya zauna mini don na san shi cikin ƙissar Annabi Yusuhu."

Na rubuta. Na ce, "Kawu, jaririyar fa?"

Ya juya ya kalli ruwa. "Ita ba ya ɗaga murya. Ya ce haka ubanta ke hwaɗinta, can ƙasa ƙasa. Kuma sunan ba irin namu ba ne." Ya girgiza kai. "Na so in ce na riƙe."

Na tambayi mahaifiyata, na tambayi duk wanda ya taɓa zama gidan. Na hau mota na je Nahuce wurin dattawan nan uku, sun tuna Bature mai tari, ba su san yana da 'ya ba. Goman nan, in Allah ya so, suna can a rajistar wani ofishi a Turai, ko da ni ban san sunan zuriyarsu ko garinsu da zan nema da shi ba. Ita kuwa wuri ɗaya aka taɓa rubuta ta a duniya, kuma yana gindin bangon Kawu.

Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya shayar da garuruwa, ya saka masa da amanar da ya riƙe har ƙarfinsa ya ƙare. Shi bai ci amana ba. A hannuna ta faɗi, ni mai jan biro.

Na kwafe sunayen a sabon littafi, na ba Kawu kwafi ɗaya, ya karɓa da hannu biyu. Bana da ruwan farko ya sauka ni na zauna bakin ƙofar. Na kira goma, ina tsayawa bayan kowanne. Da na zo layi na goma sha ɗaya na yi shiru daidai tsawon kiran suna guda, Inna tana gefena, ba ta tashi ba.